Wa Ke Biyan Kuɗin Jarumtar Oktoba a Ƙwallon Besbol?

A ranar 17 ga Oktoban 2025, a birnin Seattle na Amurka, ana cikin wasa na biyar na neman gurbin zagayen ƙarshe tsakanin Mariners mai masaukin baƙi da Blue Jays ta Toronto, ƙwallon da aka jefo da gudun da ya haura kilomita 150 a sa'a ta sami George Springer, ɗan wasan Blue Jays, a ƙoƙon gwiwarsa ta dama. Ya zube ƙasa yana murƙususu, kuma da ya samu ya miƙe yana ɗingishi, sai wani ɓangare na 'yan kallo suka dinga yi masa ihun ba'a, abin da ya sa kocinsa, John Schneider, ya fito bayan wasa ya yi tir da halin. Kwana uku bayan haka, da wannan gwiwar, Springer ya buga ƙwallon da ta kai Toronto zagayen ƙarshe karo na farko tun 1993, mutanen garin kuma suka mai da raunin nasa abin kirari. Mutane da yawa za su ce 'yan Seattle sun yi rashin imani, 'yan Toronto kuwa sun nuna ƙauna, kuma ban musa bambancin ba. Amma a ganina ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri guda, domin kowannensu ya kalli gwiwar mutumin nan ta fuskar amfanin da za ta yi wa ƙungiyarsa, kuma wannan kallon, musamman irin na masoya, shi ne yake tura 'yan wasa cikin fili da jikin da ya kamata a ce yana gadon asibiti.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙungiyoyi 30 ne a MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, kuma kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ba hutu. Daga nan ne ƙungiyoyi 12 suke shiga wasannin fitar da gwani a watan Oktoba, har a kai ga World Series, wato zagayen ƙarshe, inda wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai yake ɗaukar kofi. Kowane wasa turmi tara ne, kuma nauyi mafi girma yana kan mai jifa, wanda zai iya wurga ƙwallo sau ɗari a dare ɗaya da iyakar ƙarfin kafaɗarsa da gwiwar hannunsa. Saboda haka duk ɗan wasan da ya iso Oktoba ya iso ne da jikin da aka riga aka tatsa na tsawon wata shida, kuma a daidai wannan lokacin ake neman ya ba da fiye da abin da ya taɓa bayarwa.

Ba na cikin masu fatan a kashe hamayya, domin ita ce take sa wasan ya zama abin da iyali suke gada daga kaka zuwa jika. Hamayyar Yankees ta New York da Red Sox ta Boston ta samo asali tun kafin a haifi duk wanda yake kallonta a yau: Boston ta sayar wa New York da Babe Ruth a ƙarshen 1919, daga nan Yankees ta yi ta tara kofuna, ita kuwa Boston ta yi shekara 86 ba ta ɗauka ba, daga 1918 har zuwa 2004. Akwai mutanen da aka haifa, suka tsufa, suka rasu suna jiran wannan kofi. Wanda ya san wannan tarihin zai fahimci abin da ya sa daren 19 ga Oktoban 2004 ya zama abin da ya zama. Yankees ta ci wasa uku na farko a karawar, kuma babu ƙungiyar da ta taɓa farfaɗowa daga irin wannan rami, amma Boston ta ci biyu a jere, sannan ta tura Curt Schilling ya yi jifa a wasa na shida da jijiyar idon sawunsa ta dama a goce. Likitan ƙungiyar, Bill Morgan, ya ɗinke fatar wurin da naman da ke ƙarƙashinta domin jijiyar ta tsaya, dabarar da sai da ya fara gwada ta a jikin gawa. Schilling ya yi turmi bakwai, maki ɗaya kacal aka ci shi, jini yana ratsa safarsa a gaban kyamarori. Ya sake yin haka a zagayen ƙarshe da Cardinals, kuma safar da ya sa a wannan wasa na biyu an yi gwanjonta a 2013 a kan sama da dala dubu 90.

Wannan shi ne labarin da ake ba yara, tare da na Kirk Gibson, wanda a 1988 ya fito da ƙafafu biyu masu rauni ya yi wa Dodgers bugu ɗaya tak a dukan zagayen ƙarshe, bugun da ya ci mata wasan farko, da kuma na Charlie Morton na Braves, wanda ya ƙara jifa 16 a 2021 bayan ƙwallo ta karya masa ƙashin ƙwauri. Ina girmama mutanen nan da gaske. Abin da yake damuna shi ne yadda ake yanke labarin a daidai inda daɗinsa ya ƙare. Ba kasafai ake ƙarawa da cewa an yi wa Schilling tiyata bayan gasar ba, kuma ya shafe yawancin rabin farko na kakar 2005 yana jinya, ya dawo ba kamar yadda aka san shi ba. Haka nan ba a ba da labarin waɗanda suka yi irin wannan kasada suka faɗi, domin babu wanda yake sayen safar wanda aka cinye.

Babu inda wannan zaɓen labari ya fito fili kamar wasan farko na World Series ta 2024 tsakanin Dodgers da Yankees. Ga abin da Freddie Freeman na Dodgers ya yi a turmi na goma, wato a ƙarin lokaci: da targaɗe mai tsanani a idon sawu tun ƙarshen Satumba, da karaya a guringuntsin haƙarƙari wadda sai bayan gasa aka bayyana ta, ya buga ƙwallo ta tsallake katanga alhali abokan wasansa uku suna kan tashoshin da ake zagayawa kafin a ci maki, maki huɗu suka shiga a bugu ɗaya, wasa ya tashi. Amma mutumin da ya jefo masa ƙwallon, Nestor Cortes na Yankees, shi ma da rauni ya shigo. Tun tsakiyar Satumba bai yi jifa a wasa ba saboda ciwo a tsokar gwiwar hannunsa na hagu, kuma kafin a fara gasar ya gaya wa 'yan jarida a fili cewa ya yarda ya rasa shekara guda idan dai zai sami zoben zakara. Mutum biyu ne suka yi kasada iri ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Freeman ya zama gwarzon gasar, aka yi masa tiyatar idon sawu a Disamba, ya ci gaba da karɓar albashinsa a kwantiragin shekara shida na dala miliyan 162. Cortes bai sami zoben ba, Yankees ta yi musayarsa zuwa Brewers a Disamban nan, kuma a watan Afrilun 2025 ciwon gwiwar hannun ya sake kwantar da shi, a kakar da ya kamata ya nuna kansa domin samun babban kwantiragi na farko a rayuwarsa.

A nan ne maganar kuɗi take shigowa, kuma ita ce 'yan kallo suka fi mantawa. A tsarin MLB, sai ɗan wasa ya cika shekara shida a babbar gasar kafin ya sami 'yancin sayar da aikinsa ga duk ƙungiyar da ta fi biya. Wanda ya riga ya tsallake wannan shinge ya sa hannu a dogon kwantiragi, kuɗinsa tabbatacce ne ko da bai sake taka fili ba. Shi ya sa lokacin da kafaɗar Shohei Ohtani na Dodgers ta goce a wasa na biyu na wannan gasa ta 2024, ya kuma ci gaba da bugawa har aka kammala, aka yi masa tiyata a farkon Nuwamba, lafiyarsa kaɗai ya sa a kasada, domin kwantiraginsa na dala miliyan 700 yana nan daram. Matashin da bai kai shekara shida ba kuwa yana sa lafiyarsa da abincin iyalinsa na sauran rayuwa duka a faifai ɗaya, kuma taron da yake kiran sunansa ba ya bambance shi da Ohtani.

Labarin Matt Harvey, mai jifa na Mets ta New York, ya isa a tsaya a kansa. An yi masa tiyatar sauya jijiyar gwiwar hannu a Oktoban 2013, irin wadda likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, wadda jinyarta take cin shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi. Ya dawo a 2015 da ƙarfinsa, Mets kuma ta kama hanyar zuwa Oktoba karo na farko tun 2006. A farkon Satumba wakilinsa, Scott Boras, ya fito ya ce bisa shawarar likitoci bai kamata Harvey ya wuce turmi 180 a wannan kaka ba. Da Harvey ya yi jinkirin cewa zai buga wasannin fitar da gwani, jaridun New York da masu kiran gidajen rediyo da magoya baya suka yi masa ca, aka kira shi mai son kansa, aka ce ya fifita aljihunsa a kan birnin da ya ɗaukaka shi. Cikin 'yan kwanaki ya sanar cewa zai buga. Ya ƙare shekarar da turmi 216. A wasa na biyar na World Series da Royals, ranar 1 ga Nuwamba, ya yi turmi takwas ba a ci shi ko maki ɗaya ba, Mets tana gaba da biyu da nema, koci Terry Collins ya yanke shawarar cire shi, amma filin ya ɗauki kiran sunansa, shi ma ya kafe a kan sai ya koma, kocin ya sassauta. Royals ta farke a turmi na tara, ta ci wasan da bakwai da biyu a turmi na goma sha biyu, ta ɗauki kofi. A Yulin 2016 aka cire wa Harvey ƙashin haƙarƙari ɗaya domin a sassauta matsin da ke kan jijiyoyin kafaɗarsa, a Mayun 2018 Mets ta rabu da shi, kuma da 'yancinsa ya zo a ƙarshen wannan shekara, kwantiragin shekara ɗaya ya samu. Ba zan ɗora dukan abin da ya faru da hannunsa a kan kakar 2015 ba, domin jiki yana da dalilai da yawa na lalacewa. Abin da nake cewa shi ne an sanya masa iyaka ta likita, jama'a suka kunyata shi har ya tsallake ta, kuma lokacin da hannun ya gaza, da yawa daga cikin masu kiran sunan nasa su ne suka koma yi masa ihu a filin nan.

Shekara uku kafin haka, ƙungiyar Nationals ta Washington ta bi wata hanyar da Stephen Strasburg, wanda aka yi wa irin wannan tiyata a 2010. A Satumban 2012, tana kan gaba a dukan gasar, manajanta Mike Rizzo ya dakatar da shi bayan turmi 159 da ɗoriya, ya hana shi wasannin Oktoba baki ɗaya. Cardinals ta fitar da su a zagayen farko, kuma Rizzo ya sha zagi na shekaru. Masu adawa da ra'ayina za su tuna mini cewa hannun Strasburg ya lalace duk da haka, domin bayan ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 245 a ƙarshen 2019, turmi 31 da ɗoriya kawai ya ƙara jefawa kafin ya yi ritaya a 2024. Gaskiya ne. Amma tsakanin dakatarwar da lalacewar akwai shekara bakwai na aiki, da kofin 2019 wanda shi ne gwarzonsa, da kuma kwantiragin da ya rufa wa iyalinsa asiri. Idan aka ajiye makomar mutanen nan biyu kusa da juna, ban ga yadda mai adalci zai ce Rizzo ne ya yi kuskure ba.

Wannan matsala ta ƙara tsanani a zamaninmu saboda yadda ake jifa ya sauya. A Disamban 2024 hukumar MLB ta fitar da rahoto bayan ta tattauna da sama da mutum 200, likitoci da masu horarwa da tsofaffin 'yan wasa, kuma babban dalilin da ta gano na yawaitar raunin masu jifa shi ne tseren neman gudu da kuma jifa da iyakar ƙarfi a kowace ƙwallo. Matsakaicin gudun jifa madaidaici ya tashi daga kimanin mil 91 a sa'a a 2008 zuwa sama da mil 94 a 2024. Tsoka tana ƙaruwa da horo, amma siririyar jijiyar da ke riƙe gwiwar hannu tana da iyakar abin da za ta ɗauka. A Oktoba kuma ake rage wa masu jifa kwanakin hutu. Yoshinobu Yamamoto na Dodgers ya jefa ƙwallo 96 a wasa na shida na World Series ta 2025, washegari ya dawo ya rufe wasa na bakwai, ya zama gwarzon gasar. Abin ban sha'awa ne ƙwarai, sai dai ina tsoron cewa daga yanzu za a riƙa auna duk matashin da ya ce hannunsa yana ciwo da wannan daren.

Ɗaya fuskar al'amarin ita ce yadda ake kallon jikin abokin hamayya. Springer yana shan ihu a filaye da yawa saboda yana cikin Astros ta Houston ta 2017 da aka kama da satar alamun sirri da abokan karawa suke nuna wa mai jifarsu ta hanyar kyamara, kuma ina ganin magoya baya suna da haƙƙin nuna masa fushinsu a duk lokacin da ya ɗauki sanda yana tsaye da ƙafafunsa. Amma mutumin da ke kwance yana riƙe da gwiwa ya fita daga wannan lissafi. A 2015, Chase Utley na Dodgers ya zame ya banke Rubén Tejada na Mets a tasha ta biyu, ya karya masa ƙashin ƙwauri. Watanni aka yi ana maganar Utley, da dakatarwar wasa biyu da aka yi masa aka kuma janye daga baya, da ramuwar gayyar da Mets ya kamata ta yi, har wani mai jifarta ya wurga ƙwallo ta bayan Utley a Mayun 2016 aka kore shi daga wasa. Tejada kuwa Mets ta sallame shi a watan Maris na 2016, bai sake samun gurbi na dindindin a wata ƙungiya ba, kuma hatta masoyan da suke ta hanƙoron rama masa sun fi tunawa da wanda ya yi karayar fiye da wanda aka karya. Abu mai kyau ɗaya da ya fito daga lamarin shi ne dokar 2016 da ta hana irin wannan zamiya, kamar yadda karayar Buster Posey a 2011 ta haifar da dokar 2014 da ta taƙaita banke mai tsaron tashar gida. A lokutan biyu an sami masu kukan cewa an lalata wasan maza, kuma a lokutan biyu wasan ya ci gaba lafiya lau.

Abin ya kan wuce baki ya kai ga hannu. A wasa na huɗu na World Series ta 2024, wasu magoya bayan Yankees biyu sun kama Mookie Betts na Dodgers a bakin katanga, ɗaya ya riƙe masa wuyan hannu, ɗaya yana ɓamɓare ƙwallo daga safar hannunsa yayin da yake a miƙe, yanayin da kafaɗa za ta iya gocewa cikin sauƙi, kuma daga baya aka haramta musu shiga filayen gasar. Caca ta ƙara wa wutar mai tun bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar halatta ta a jihohi a 2018. Lance McCullers na Astros, wanda ya buga wasannin Oktoban 2018 da tsinkakkiyar jijiya a gwiwar hannu, ya kuma rasa kakar 2023 da ta 2024 gaba ɗaya saboda wani raunin, ya dawo a Mayun 2025, kuma da aka ci shi maki bakwai a turmin farko na wasansa na biyu, sai aka aiko masa da barazanar kashe shi da 'ya'yansa ƙanana. 'Yan sandan Houston sun gano cewa wani ɗan caca ne a ƙasar waje da ya yi asarar kuɗi.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce 'yan wasan nan manya ne, jikinsu nasu ne, kuma yawancinsu da bakinsu suke roƙon a bar su su buga. Na yarda da rabin wannan magana, domin ba wanda ya ɗaure Cortes ko Harvey ya kai su fili. Amma ya kamata a dubi yanayin da ake yanke shawarar a ciki. Ɗan wasa yana tsaye ne tsakanin abokan da suka sha wahalar wata shida tare da shi, da kocin da aikinsa yake rataye a kan sakamakon mako guda, da likitan da ƙungiyar ce ta ɗauke shi aiki, da mutum dubu arba'in ko hamsin da suke kiran sunansa, yana kuma sane da abin da aka yi wa wanda ya taɓa jinkiri kafinsa. Ƙa'idar gasar ma tana ƙara matsa masa, domin duk wanda aka cire daga jerin 'yan wasa a tsakiyar zagaye saboda rauni ba zai buga sauran wannan zagayen ba, kuma ba zai buga na gaba ba. An kafa ta ne domin a hana ƙungiyoyi ƙaryar rauni, amma sakamakonta shi ne mai ciwon da kwana huɗu za su warkar ya gwammace ya yi shiru, tunda faɗin gaskiya zai iya hana shi World Series. Amincewar da aka bayar a irin wannan hali ba ta cika ba.

Abin da nake so a gani ba shi da wuyar yi, kuma gasar tana da misalinsa a hannu. Tun 2011 MLB ta ware tsari na musamman ga wanda ya bugu a kai, inda ba ya komawa fili sai an bi matakan gwaji an kuma miƙa sakamakon ga babban likitan gasar, komai roƙon da ɗan wasan zai yi, kuma a wasannin fitar da gwani an sassauta wa irin wannan rauni ƙa'idar hana zagaye na gaba. Ya kamata a faɗaɗa wannan zuwa gwiwar hannu da kafaɗar masu jifa a watan Oktoba, a sa likitan da hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka naɗa tare, wanda ba ya karɓar albashi daga kowace ƙungiya, ya zama shi ke da magana ta ƙarshe. Wanda likitan nan ya tabbatar da rauninsa a bar shi ya dawo a zagaye na gaba idan ya warke, kuma matashin da bai cika shekara shida ba, idan ya ji rauni a wasannin fitar da gwani, a ba shi inshorar da za ta rufe abin da zai rasa, daga cikin kuɗin da waɗannan wasannin suke kawowa. Da irin wannan likita yana nan a Satumban 2015, da shi ne zai tsaya gaban 'yan jaridar New York ya ce turmi 180, kuma da Harvey, yana ɗan shekara 26, bai zama shi kaɗai ne zai zaɓa tsakanin hannunsa da mutuncinsa a idon gari ba.